Kantin maganin da ya ƙi karɓar kuɗina a Garwa

Duk wanda ya tambaye ni inda zai sayi magani a Garwa, a arewacin Kamaru, farmasi ɗaya nake nuna masa, kuma tun kafin ya tashi nakan gaya masa cewa wurin ba shi da araha, ba shi da sauri. Ba zan kama sunansa a nan ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, ga shi kuma gobe ma sai mun gaisa da mutanen ciki. Ta wajen babbar kasuwa yake. Koren gicciyen nan da ke kan kowane farmasi yana bisa ƙofarsa, ciki akwai benci biyu da fanka, sai firji a bayan kanta wanda ko an ɗauke wuta ba ya mutuwa, don sun haɗa shi da sola. Ni kayan babur nake sayarwa, sarƙa da birki da fulogi da taya, saboda haka rabin wunina da 'yan moto, wato masu haya da babur, nake yinsa, kuma abin da suke haɗiya ba baƙona ba ne.

Mai wurin mace ce, kowa Dakta yake ce mata. Maganin da ke kantinta shi ne dai wanda ke sauran kantuna, kwali ɗaya, kamfani ɗaya. Abin da ya raba ta da su tambaya ce: "Me kake sha yanzu?" Ba ta miƙa wa mutum kwali sai ta ji amsa, in ka ce ba komai ta sake tambaya ta wata fuska, na tari fa, na barci fa, na gargajiya fa, wani bai ba ka wata ƙwaya ba? Mutane da yawa suna jin haushin wannan, suna cewa ta cika bin diddigi. Ni a kan wannan tambayar nake biyan kuɗin da ya ɗara na wani wuri, kuma ga dalili.

Yayata ta rasa mijinta. Aka gama takaba, mata suka watse, ita kuwa ba ta dawo daidai ba: ba barci, ba cin abinci, sai ta zauna bakin gado ta yi ta kallon bango. Da abin ya yi tsawo muka kai ta wajen likita, ya ɗora ta a kan fuloksetin, wanda wasu suka fi sani da Prozac, ƙwaya ɗaya kowace safiya. A hankali ta fara farfaɗowa, har ta koma yin ƙosanta na safe. Amma kwalin a ƙasan akwati take ɓoye shi, ƙarƙashin zannuwa, don a unguwarmu da an ga irinsa sai a ce maganin masu taɓin hankali ne. Ko 'ya'yanta ba su san tana sha ba.

Da hunturu ya shigo sai tari ya kama ta, ga ciwon baya da ta daɗe tana fama da shi. Babban ɗanta ɗan moto ne, yaro mai tausayin uwarsa. Ya zaro tramol daga aljihu ya ce, "Inna, sha wannan, yanzu za ki ji sakayau." Ya kuma biya wajen mai tebur ya sayo mata ruwan maganin tari. Ciwon bai tafi ba, sai ta ƙara wata ƙwayar. Da dare aka aiko a kira ni. Na same ta tana ta zufa alhali kowa na cikin bargo, hannu na rawa, ta kasa zama wuri ɗaya, ga gudawa, magana kuma tana fita da sauri ba kan gado. Ni na ce zazzaɓin cizon sauro ne. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce iska ce, har ta aika a kawo garwashi za ta yi hayaƙi. A wannan makon aikin dare, wanda kantunan magani ke yi bi da bi, a kan wannan farmasin ya faɗo, sai na hau babur na nufi can da niyyar sayen maganin zazzaɓi da na tsayar da ciki.

Da dare ƙofa a rufe take, ta taga mai ƙarfe ake ciniki. Na miƙa kuɗi na faɗi abin da nake so. Dakta ba ta ko dubi kuɗin ba.

"Alhaji, wa ba shi da lafiya?"

Na ce yayata ce.

"An gwada jininta?"

Na ce dare ya yi, gobe ma yi.

"Jikinta da zafi? Zufar tana zuwa ta tafi ne, ko ba ta tsayawa? Me ta sha yau? Akwai wanda take sha kullum?"

Nan na ambaci na likita, da murya ƙasa-ƙasa don akwai mutum biyu a bayana. Sai ta ajiye biron da ke hannunta. Ta ce, "Koma ka kwaso duk abin da ta sa a baki tun shekaranjiya, har da fankon da ba komai a ciki. Ka zo da ita, a mota, kada a ɗora ta a moto. Ba zan sayar maka da komai ba sai na gan ta." Raina ya ɓaci, don a ganina magani na zo saya ba shari'a ba. Amma yadda ta faɗa ba ya barin gardama.

Da muka dawo ta buɗe ƙofar gaba ɗaya, abin da ba sa yi da dare. Ta zaunar da Yaya a benci, ta juye ledar a kan kanta: kwalin fuloksetin, kwalbar maganin tari, da wani sashe na ƙwayoyi da aka yanka da almakashi, an buga 225 a bayansa. Ta haska idon Yaya da fitilar waya, baƙin idon ya buɗe fal. Ta kama hannunta tana duban agogo. Sannan ta durƙusa, ta ce, "Mama, saki ƙafarki, kada ki taya ni." Ta tallafi diddigen da hannu ɗaya, da ɗayan ta tura tafin ƙafar sama da sauri ta riƙe. Ƙafar ta kama bugawa da kanta, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar ta mai taka keken ɗinki, Yaya na kallonta ta kasa tsayar da ita. Aka gwada ɗayar, ita ma haka. Dakta ta miƙe ta yagi takarda ta rubuta sunayen magungunan uku da lokacin da aka sha kowanne, ta buga hatimi. "Asibiti za ku, yanzu. Ku ba likitan da ke aiki wannan takarda kafin a yi mata kowace allura. Kada a ƙara mata ko ɗaya daga cikin waɗannan." Ko dala ba ta karɓa ba.

A asibiti gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Suka sa mata ƙarin ruwa, suka yi mata diyazefam don jijiyoyi su saki, suka dakatar da duk magungunan, suna auna zafin jikinta a kai a kai. Ta ɗan kwana biyu a can, aka sallame ta da ƙafarta. Daga baya likitanta ne ya tsara yadda za ta koma kan nata maganin, ba mu ba.

Abin da ya same ta likitoci na kiransa gubar sirotonin. Na koma wajen Dakta da rana, lokacin da layi ya ragu, ta yi mini bayani, ɗiyata mai karatun jinya kuma ta cike mini sauran. Sirotonin sinadari ne da jikin kowa ke yi da kansa, ba baƙo ba ne. Jijiyoyi na amfani da shi wajen aika wa juna saƙo, yana da hannu a barci da jin yunwa da walwalar zuciya da zafin jiki da motsin hanji. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa ma a hanji yake, ba a ƙwaƙwalwa ba, shi ya sa gudawa ke cikin alamun farko idan ya yi yawa. Tun 1948 masana a Amurka suka ware shi daga jini. Yadda yake aiki shi ne, jijiya ta saki kaɗan, ya isar da saƙo, ta sake janye shi ta adana. Fuloksetin da 'yan uwansa suna rage wannan janyewar ne, don sirotonin ya ɗan daɗe yana aiki, a haka mai ciwon damuwa yake samun sauƙi. Shi kaɗai, a kan awon likita, ba ya kawo matsala ga yawancin mutane.

Abin da 'yan moto ba su sani ba, kuma ni ma da nake zaune cikinsu ban taɓa ji ba, tramol aiki biyu yake yi. Ta fuska ɗaya dangin mofin ne, yana kashe raɗaɗi yana sa maye. Ta ɗaya fuskar kuma yana hana jijiya janye sirotonin, daidai da maganin damuwa. Ruwan maganin tarin nan kuwa yana ɗauke da dekstirometofan, shi ma yana yin haka. Wato abu uku Yaya ta haɗa masu tura sinadari ɗaya sama, ba wanda ke sauke shi. Akwai kuma wani ƙulli da ya fi ba ni tsoro. Sai hanta ta sarrafa tramol sannan yake zama mai kashe ciwo sosai, fuloksetin kuwa yana toshe hanyar da hanta ke bi ta yi wannan aikin. Saboda haka mai shan fuloksetin in ya sha tramol ba ya jin sauƙin da yake nema, sai ya ce ƙwayar ba ta da ƙarfi, ya ƙara wata, alhali ɓangaren da ke tayar da sirotonin yana nan yana taruwa. Ta hanyar nan ɗaya hanta ke fitar da dekstirometofan, don haka shi ma sai ya jibge a jini. Yaya ba maye take nema ba, ba kuma ranta take so ta halaka ba. Bayanta ke ciwo.

Alamun ba sa jinkiri, yawanci cikin sa'o'i ne bayan an sha sabon magani ko an ƙara awo, galibi kafin kwana ɗaya ya cika. Mai sauƙi shi ne rawar hannu da zufa da bugun zuciya da rashin natsuwa. In ya yi gaba sai tsoka ta riƙa fizga, musamman a ƙafafu, mutum ya rikice. Mafi muni jiki ya sandare, zafi ya haura 41 a ma'auni, tsoka ta fara lalacewa, ƙoda ta tsaya. Wannan zafin farasitamol ba ya sauke shi, domin daga tsokar da ta ƙi hutawa yake fitowa, sai an kwantar da tsokar an sanyaya jikin. Bugawar ƙafar nan da Dakta ta gwada tana cikin manyan abubuwan da likitoci ke dubawa, bisa ƙa'idar da masana guba na ƙasar Ostareliya suka fitar a 2003. Ba na'ura, ba gwajin jini, hannu ne da ido da sanin abin da mutum ya sha. Shi ya sa ledar fankunan nan ta fi duk bayanin da na yi da baki amfani.

Kada kuma a ɗauka abin na jahilai ne ko na talakawa. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta mutu a wani babban asibiti a birnin Niyok. Tana shan wani maganin damuwa mai suna fenelzin, aka yi mata allurar fetidin mai kashe ciwo, zafin jikinta ya tashi, kafin gari ya waye sosai ta cika. Mahaifinta ɗan jarida ne kuma lauya, bai bar maganar ta mutu ba, har jihar ta kafa doka a 1989 da ta taƙaita aikin ƙananan likitoci zuwa awa 80 a mako. Can likitoci ne suka haɗa magungunan da hannunsu, balle mu da kowa likitan kansa ne.

Jerin abin da ba a haɗawa da tramol ba tare da sanin likita ba ya fi yadda nake zato tsawo, kuma da yawansu suna cikin gidajenmu. Akwai Laroxyl, wanda ake ba tsofaffi masu ciwon suga da ƙafa ke yi musu zugi, ko masu rashin barci. Akwai Anafranil, da satiralin, da faroksetin, su ma magungunan damuwa ne. Akwai linezolid da ake ba masu tarin fuka mai taurin kai. Fuloksetin kuma ko an daina shi yana yin makonni a jiki, har akwai magungunan da likita ke jiran mako 5 kafin ya fara ba wanda ya bar shi. Tun da Nijeriya ta hana ruwan tari mai kodin a 2018 kowa idonsa na kan kodin, an manta da dekstirometofan da ake sayarwa ba takarda. Kodin nasa sharrin daban ne. A maganar sirotonin, wannan da ba a tsoro ɗin shi ne abin dubawa.

Wani abin dariya, in abin dariya ne: ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke karya wannan guba da shi shi ne siproheptadin, wato Periactin, ƙwayar nan da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki. Yana toshe wuraren da sirotonin ke kamawa. Dakta ta ce in na kuskura na faɗa wa 'yan moto wannan ba tare da na ƙara da cewa aikin asibiti ne ba, ita da ni ne. To, na ƙara.

Yanzu in koma kan yaranmu. Tramadol, wato tramol ɗin nan, magani ne na gaskiya. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977 da sunan Tramal, kuma wanda aka yi wa tiyata ko ya karye ya san amfaninsa. Na farmasi yawanci miligiram 50 ne ko 100, iyakar abin da aka yarda babba ya sha a kwana ɗaya kuwa 400. Wanda ke yawo a tebur da jakar 'yan talla, 120 ne, 200, 225, har 250. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta wuce iyakar yini, kuma na san yaran da da ita suke karya kumallo, a narka a kofi ko a shayi, kafin azahar a sake. Yawancinsa daga Indiya yake fitowa. A 2018 Indiya ta sa shi cikin magungunan da doka ke tsarewa, sai 'yan kasuwa suka sauya da wata ƙwaya da aka haɗa tafentadol da karisofurodol, wadda ita ma Indiya ta hana yinta da fitar da ita a 2025 bayan wani binciken BBC. Mai tebur bai san wannan ba, bai damu ba. Launi yake sayarwa: ja, kore, mai ƙarfi, mai ƙarfin gaske. Tiren kuma yana cikin rana tun safe, a garin da watan Maris da Afrilu zafi ke wuce 40.

Yadda abin ya ratsa ƙasar nan, har ƙasa ta sha. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun sami tramadol a saiwar tafashiya da aka haƙo a arewacin Kamaru, aka yi ta murna cewa ashe itacen da kansa yake yin maganin. Shekara na zagayowa wasu masanan daga Jamus tare da abokan aikinsu 'yan Kamaru suka sake bincike, suka ce ba haka ba ne: manoma ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure aiki, fitsari da kashi su shiga ƙasa da ruwa, saiwa ta zuƙa. Da na ba wani dattijo mai sayen fulogi wannan labari, cewa ya yi shi bai ga abin mamaki ba, a ƙauyensu har jaki ana ba.

Abin da na fi ƙaruwa da shi a wajen Dakta shi ne cewa wanda tramol ya kayar ba kala ɗaya ba ne. Wani za ka same shi ya yi laushi, ba ya farkawa, numfashi a hankali ko yana minshari, leɓe ya yi duhu, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Wannan ɓangaren mofin ne ya danne shi, numfashi ne ke neman tsayawa, kuma akwai allurar naloksan da ke dawo da shi. Wani kuma akasin haka ne, ido a buɗe, zufa, zafi, rawar jiki, fizge-fizge, wannan sirotonin ne, naloksan ba ta yi masa komai. Ga kuma farfaɗiya, wadda tramol ke kawowa ko ga wanda bai taɓa yi ba, wani lokaci a kan babur da fasinja a baya. Yakan kuma sauke sugan jini. Mu a tasha duk abu ɗaya muke yi musu: a ɗura madara, a ɗura manja, a cusa cokali a baki, a kwara ruwa. Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa abu yana iya sa ya shaƙe, ya tafi huhu. Abin yi shi ne a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa komai a bakinsa, a laluba aljihunsa a ɗauki fankon, a yi asibiti.

To, aibin wurin. Na farko sirri. Kantar a buɗe take, mutane kafaɗa da kafaɗa, kuma akwai wani saurayi cikin ma'aikatan da yake ɗaga kwali sama ya kira sunan magani da ƙarfi, wa ke da kaza? A garin da mace ke ɓoye maganinta ƙarƙashin zannuwa, wannan ba ƙaramin laifi ba ne, kuma irin wannan kunyar ce ta sa ɗan Yaya bai san abin da uwarsa ke sha ba. Wurin da ya san muhimmancin tambaya ya kamata ya tanadi lungun da za a amsa ta. Na faɗa wa Dakta, ta ce gaskiya ne, har yau ban ga labule ba.

Na biyu, kyawun wurin a jikin mutum ɗaya yake. In tana nan, ko farasitamol ka zo saya sai an tambaye ka. In ta fita, yaran suna karanta takarda su ɗauko su miƙa, kamar kowane kanti. Tramol dai ba sa bayarwa sai da takardar likita, ko tana nan ko ba ta nan, wannan na shaida, na ga an juya wani mai babbar riga ya fita yana faɗa. Amma ruwan tari suna miƙa shi ba tambaya. Mai shan maganin kullum ya daure ya jira ta, ko ya faɗa da bakinsa tun ba a tambaye shi ba.

Na uku kuɗi. Ba sa ba da bashi, kuma sau da yawa sai dai ka ɗauki kwali guda, ba sa ɓarewa. Akwai irin maganin da ba na babban kamfani ba, mai aiki ɗaya da rahusa, amma sai ka tambaya ake fito da shi, in ka yi shiru mai tsadar za a ba ka. A nan ne ba na iya zagin wanda ya tafi wajen mai tebur. Mutumin da abin da ya samu yau shi zai ci yau, ga wanda zai yanka masa ƙwaya ɗaya da almakashi a kan kuɗin kofin shayi, ga kuma wanda zai ce sai takardar likita, likitan ma sai an biya kuɗin ganinsa. Araha ba ta ado, na sani, amma ba kowa ne ke da zaɓi ba. Canji ma wahala ne, in ba ka da ƙananan kuɗi gara ka biya ta waya, suna karɓar Orange Money da MoMo. Magani kuma yakan yanke musu, na Yaya ya taɓa yankewa, sai dai sun kira wani farmasin sun tabbatar akwai kafin su tura ni, ba su bar ni ina zagaya gari ba.

Wajen harshe ba laifi. Dakta na jin Faransanci da Fulatanci, Hausarta ta kasuwa ce amma tana isar da saƙo, akwai kuma wata yarinya 'yar unguwarmu da Hausa ce bakinta. Ga wanda ba ya karatu suna ja masa layi a jikin kwali, ɗaya na safe, ɗaya na rana, ɗaya na dare, su sa shi ya maimaita. Jerin farmasin da ke aikin dare a kowane mako yana manne a ƙofa, ko a rufe suke za ka ga inda za ka.

Ɗan Yaya kuwa, da ya fahimci abin da ƙwayarsa ta yi, sai ya rantse daga ranar ya bari. Dakta ta ce masa, "Ɗana, ba haka ake yi ba." Wanda jikinsa ya saba, in ya yanke rana ɗaya zai sha wuya biyu, ta masu barin dangin mofin da ta masu barin maganin damuwa: ciwon gaɓoɓi, hamma, zufa, gudawa, rashin barci, fargaba, wani har ya riƙa jin kamar lantarki na jan kansa. Yawanci a nan suke komawa, kuma mai komawa bayan ya ɗan huta shi ya fi shiga haɗari, don jikinsa ya rage juriya shi kuwa awon da ya saba zai ɗauka. Ta haɗa shi da likita aka tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan. Yana kai har yanzu. Ya rame, fushi ya yi masa yawa, ba ya iya kaiwa dare a kan babur kamar da, kuɗin da yake kawowa gida ya ragu, abokansa na tasha suna yi masa dariya wai ya zama tsoho. Wata rana yakan zo shagona ya zauna a kan taya bai ce komai ba, in sa a kawo masa shayi.

Na roƙi Dakta ta zo tasharmu ta yi wa yaran irin bayanin da ta yi mini, ta nuna musu gwajin ƙafar nan da bambancin ido tsukakke da buɗaɗɗe, ko don su san abin da za su yi in ɗayansu ya faɗi. Ta ce in tara su da yamma bayan la'asar, za ta zo da fankunan da kanta, kuma ba ta son kujera ko lemo. Na kai wa shugaban tashar magana, ya ce shawara ce mai kyau, a bari sai bayan salla.